Ranar da Ka Nuna Masa Hassana

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Sabo tela na Gangare.

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifinsa, ina roƙon Allah Ya sanyaya makwancinka. Akwai maganar da na daɗe ina ɗauke da ita, yau zan sauke ta, kuma ba zan tausasa ta don ka mutu ba.

Kai ka kai ni makarantar ƙwallon nan ta bayan Farin Gada, ina ɗan shekara sha shida. Ka rufe shago da rana tsaka, ka goya ni a babur, ka damƙa ni a hannun koci. Ka ce masa yaron nan ɗan wasan baya ne, ko iska ba ta wuce shi. Gaskiya ka faɗa. Makarantar tana da rukunin yara da na manya. Manyan ne ke buga babbar gasa, su jama'a ke gani, daga cikinsu ake zama wani abu. Burina a duniya bai wuce in sa rigar manya in buga ko da minti goma ba.

Koci maganarsa ɗaya ce: "Ka yi haƙuri, lokacinka bai yi ba." In na kawo maka ƙara, sai ka ɗago kai daga keken ɗinki ka ce mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa. Shekara bakwai ina hura wutar nan, Baba. Dutsen yana nan yadda yake, ni na dahu.

Ba rashin iyawa ya hana ni ba. Na fi yi wa koci amfani ne a cikin yara, don ƙato mai ƙashin ashirin a tsakiyar 'yan sha biyar kofi ne a hannu. Duk lokacin da shekaruna suka kusa wuce ƙa'ida, sai ya tura ka kotu ka yo mini sabuwar takardar shekaru. Sau uku kana rantsuwa a kan ranar haihuwata, kai da ka yanka ragon sunana da hannunka. Kullum ina nan a sha bakwai.

Ka san abin da ake ji a aske gemu kowace safiya da ruwan sanyin Jos? Reza ta faffasa mini haɓa. Ka ɓoye takardar gama sakandarena a ƙarƙashin yadudduka. In abokin ajinmu ya gaishe ni a bakin fili, sai in kau da kai kamar ban san shi ba. Yaran da na koya wa ɗaure takalmi suka wuce ni zuwa rukunin manya, ni ina tsintar musu ƙwallo a bayan raga.

Sai ranar ta zo. Wani Alhaji mai nemo wa babbar ƙungiya 'yan wasa ya zo kallonmu, 'yan ƙasa da sha takwas yake so. Ban taɓa buga wasa kamar na ranar ba. Da aka tashi ya kira ni, ka rugo ka tsaya kusa da ni da sabon kaftaninka. Ya rubuta sunana a littafi. Kamar kowane Bahaushe in ya ji Husaini, sai ya yi murmushi ya tambayi ina Hassan ɗin.

Cikon gaisuwa ne kawai, Baba. Da ka ce yana gida, da an wuce wurin. Amma ka juya, baki har kunne, ka miƙa hannu ka ce ai mace ce, ga Hassanar can. Ga ta kuwa a tsaye, da goyo a baya, tana riƙe da hannun babbar 'yarta mai kayan firamare. Alhaji ya dubi yarinyar, ya dubi Hassana, ya dubi haɓata. Ya rufe littafinsa, ya sa mini albarka, ya ɗauki wanda ke buga gefena.

Ka iya ƙarya a kotu har sau uku, ka kasa ta numfashi ɗaya a bakin fili. Ƙaryarka ta cinye ƙuruciyata, gaskiyarka ta lashe abin da ya rage.

Kafin mako ya zagayo labari ya gama gari. Koci ya ce ba ni da sauran gurbi a yara, manya kuma sun cika. Ko minti ɗaya ban buga musu ba. Yanzu kabeji da karas nake lodawa a manyan motoci a kasuwar Farin Gada, 'yan lodi suna kirana ɗan sha bakwai.

Shekara biyu ban ci abinci kwano ɗaya da kai ba. Da ciwo ya kwantar da kai, ka sa aka kira ni. Ka kama hannuna, ka ce, "Husaini, ka yafe mini." Ka san amsar da na ba ka, amma zan rubuta ta don masu karantawa su san irin ɗan da ka haifa. Na ce, "Ka yi haƙuri, lokacinka bai yi ba." Na zare hannuna na tafi kasuwa. Kwana uku tsakani ka cika.

Sai daga baya Hassana ta gaya mini cewa duk shekarun nan kai kake hana ta zuwa fili saboda ni. Ranar ce kaɗai ka ce ta zo ta ga yadda za a ɗauki ɗan'uwanta.

Ina da 'ya yanzu, Baba. In aka tambaye ni ita, hannuna ne ke riga bakina nunawa. Na gane ba wauta ka yi ba. 'Yarka aka tambaye ka, ka kasa ɓoye ta. Ina kewarka, kuma ina jin kunyarka fiye da lokacin da kake raye.

Juma'ar da ta wuce na je maƙabarta in gaya maka na yafe. Na kasa gane kabarinka. Ranar da aka binne ka can baya na tsaya, damina huɗu kuma ta daidaita ƙasar. Na yi ta zagaye har rana ta yi sanyi, daga ƙarshe na tsaya na faɗa wa layin kaburbura gaba ɗaya. Ban sani ba ko kana cikinsu.

Allah Ya gafarta maka rantsuwar da ka yi domina, kada Ya kama ka da ita. Allah Ya isar maka da yafiyata duk inda kake kwance. Ni kuma Ya ji ƙaina, don wanda zan roƙa ya yafe mini ya riga ya tafi.

Naka,
Husaini