Fadamar Da Muke Nomawa Da Sunan Da Muka Ɓata

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, admin a taimaka a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wata uku ke nan wata magana ta tsaya min a ƙirji, ko abinci ba na jin daɗinsa.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye tsakanin Dutse da Kiyawa. A unguwarmu akwai gidan da tun tasowata nake jin ana ce masa gidan mai ƙone rumbu. Labarin da muka gada shi ne, a shekarun farko da Turawa suka karɓi ƙasa, rumbuna uku na kakan babana Malam Jibo suka ƙone ƙurmus bayan girbi, ya ce maƙwabcinsa Tanko ne ya sa wutar. A da wai in irin haka ta faru dattawa ne ke zaunar da mutanen biyu, a yi magana, kowane gida ya kawo dami a tallafa wa wanda ya yi asara, a ci gaba da zama. To lokacin an ce Bature ya hana kashe babbar magana a gida, dole sai gaban alƙali. Aka kai su Dutse, Malam Jibo ya kawo shaidu biyu, aka ɗaure Tanko aka tasa ƙeyarsa a ƙafa zuwa gidan yari a Kano, bai dawo ba. Fadamarsa kuma aka ba gidanmu a madadin hatsin, ita muke nomawa har yau, shinkafa da damina, albasa da tumatur da rani.

Kakata Inna, wadda ta haifi babana, ita ce matar ɗan Malam Jibo. Kwana huɗu kafin ta rasu, da hantsi ina ba ta kunu, ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗan nan, Tanko bai ƙone rumbu ba." Na ɗauka zafin ciwo ne, amma tana cikin hankalinta sarai. Ta ce tana amarya ita ta yi jinyar surukin nata, ranar nan yana kuka ya faɗa mata shi da kansa ya cinna wa ciyawar bayan rumbu wuta zai kori maciji, iska ta juya. Ya ga yunwa za ta kashe masa iyali, ga shi dama idonsa na kan fadamar, sai ya ɗora wa Tanko, bai taɓa zaton abin zai kai Kano ba. Ya roƙe ta ta gaya wa mijinta ya gyara, da ta gaya masa ya ce kar ya sake jin maganar a bakinta. Ta ce min, "Na gaji da ɗauka. Kai ka yi allo ka yi boko, ka san yadda za ka yi."

Jama'a, jikan Tanko yana nan da rai, Malam Sule, ya kusa tamanin, kaf unguwarmu ba wanda ya kai shi karatu. Da limaminmu ya rasu shi kowa ya sa ran za a ba, sai wasu suka ce ba za su bi jikan mai ƙone rumbu salla ba, cikinsu har da babana. Ina wurin, Malam Sule ya ɗauki takalminsa ya fita, tun ranar a sahun baya yake tsayawa.

Bayan addu'ar bakwai ta Inna na samu babana na faɗa masa komai. Ya yi faɗa kamar zai dake ni, ya ce alƙali ya riga ya yanke, wanda ya yi da wanda aka yi wa duk suna ƙasa, fadamar nan da ita ake ciyar da marayun ƙannensa biyu, in na buɗe baki a waje bai yafe min ba. Yana da hawan jini, kwana biyu ko gaisuwata bai amsa ba. Wani abokina lauya a Dutse ya ce ba kotun da za ta saurari wannan, a doka fadamar tamu ce, in kwantar da hankalina. Malamina kuma ya ce haƙƙin mutum ba ya faɗuwa don ya daɗe, amma in bi mahaifina a hankali.

Ni kuma ba kotun ce ta dame ni ba. Da mutanen gidan Tanko muke haɗuwa a suna da jana'iza, rijiyarmu ɗaya, 'ya'yansu ni nake koyar da su a aji. Ko na mayar da kasona na fadamar a ɓoye, sunan da muka liƙa musu yana nan.

Satin da ya wuce na daure na je gidan Malam Sule bayan la'asar. Ya shimfiɗa min tabarma, ya sa aka kawo ruwa, yana ta tari, ya rame sosai. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, kamar da magana a bakinka." Na ce godiyar zaman makoki na zo yi. Ya ce, "Allah Ya jiƙan Inna. Duk shekara in kun yanke shinkafa sai ta aiko mana da kwano biyar a ɓoye, har ta rasu ban san dalili ba." Na yi masa sallama na fito ina hawaye.

To ya zan yi? In faɗa masa shi kaɗai in nemi yafiya, ko sai a gaban jama'ar da aka wulaƙanta shi? In jira babana ya sauko, alhali ban san wanda zai riga wani tafiya tsakaninsu ba? Marayun nan kuma me suka yi? Don Allah wanda ya san hanyar da zan wanke dattijon nan ba tare da na kashe mahaifina da baƙin ciki ba, ya faɗa min.