Kada Ka Tada Injin Yau

Lawali,

Na dawo gida ban tarar da kai ba, an ce ka tafi bakin kogi wanki. Ba zan iya jira ba.

Da na fito masallaci na biya ta wurin aikinmu a Katako. Tanon man inji, babban duron nan, a buɗe yake, wani ya manta da murfin, ruwan saman shekaranjiya ya shiga. Na tsoma yatsa, man ya yi fari kamar nono, ga yashi, ga garin katako. Kuma da shi aka cika injin zarto jiya da yamma.

Na tada shi kaɗan in ji. Sai ya yi wata ƙara, hayaƙi ya turnuƙe, bel ya tsinke ya wuce ta gefen kunnena. Nan take na kashe shi.

Na tafi unguwar Filato wurin mai gidanmu neman sabon mai. Garba shugaban aiki zai matsa maka, don masu ginin sabuwar ma'aikata suna jiran katakonsu. Zai ce, “Sauya bel kawai, yaro.” Kada ka yarda, ko ya ce zai kore ka. Sai an zubar da man, an wanke cikin injin tas.

Don Allah ka ji maganata. Da hannu biyu Inna ta ba ni amanarka a Maraɗi, da hannu biyu nake so in mayar mata da kai.

Yayanka,
Isaka