Muryar da Manuka ke jira

Litinin, 2 ga Disamba

Karnuka sun shiga garken bareyinmu da safe. Biyu ne, ba mu san na wa ba, ta ƙarƙashin wayar shinge suka bi, wajen rafi. Bareyi uku sun mutu. Biyu ma ba cizo ya kashe su ba, shingen suka yi ta karo da shi a guje har wuyansu ya karye.

An ciji Manuka a cinya. Manuka barewar Yaya Moana ce, ita ta raine ta da madarar kwalba tun tana 'yar mitsitsiya. Ranar da za ta tafi aiki birnin Perth na Ostireliya ta ce min, "Keri, ga amana. Ko kunnenta ne ya yi ciwo ki gaya min." Wata takwas ke nan.

Ban gaya mata ba.

Talata, 3 ga Disamba

Anti Fiona, likitar dabbobi, ta ɗinke ciwon. Mun sa Manuka a ɗakin duhu na cikin rumfa, duhu yana kwantar musu da hankali. Na ji Anti tana ce wa Baba ba cizon take tsoro ba, firgicin. Wai barewa takan mutu kwanaki bayan kare ya tafi, saboda a cikinta ba ta daina gudu ba. In ba ta ci komai ba zuwa Lahadi, gara a hutar da ita.

Na san abin da ake nufi da hutarwa. Na san kabad ɗin da bindigar Baba take.

Laraba, 4 ga Disamba

Ba ta ci ba. Ko tuffa, da take ƙwacewa daga aljihun Yaya.

Alhamis, 5 ga Disamba

Na yi ɓarna yau. Na cire takalmi na shiga da sanɗa don kada in tsorata ta. Sai kawai ta zabura ta daki bango, ɗinki biyu suka ɓalle.

Baba bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Malama Shiru, wa kika san yana zuwar mata da sanɗa? Kare ne. Tun daga ƙofa za ki fara magana, ta san mutum ne." Na ce me zan ce mata? Ya ce, "Ko rubutun jikin buhu ne karanta mata. Yayarki labarin samarinta take ba ta, shi ya sa barewar nan ta fi ni sanin sirrin gidan nan."

Ni da ko a aji aka kira sunana sai murya ta maƙale.

Juma'a, 6 ga Disamba

Na yi dabara. Na kunna mata tsohon saƙon murya na Yaya, wanda take ƙorafin zafin Perth, tana cewa duk garin babu mai iya gasa nama kamar Baba. Manuka ta ɗaga kunne. Ta tako da ƙafa uku har gabana, ta shinshina wayar, sannan ta leƙa bayana. Ta daɗe tana kallon ƙofa.

Haka nake yi in an turo ƙofar kicin, ko Yaya ce.

Da ba ta ga kowa ba ta koma lungu. Ba ta ci ba. Ji na yi kamar na yaudare ta.

Asabar, 7 ga Disamba

Saura kwana ɗaya. Na bar wayar a ɗaki.

Daga ƙofa na ce, "Manuka, ni ce. Keri ce kawai, yi haƙuri." Muryar kamar ba tawa ba. Na zauna kan bokiti, na juya mata gefe, ba a zuba musu ido. Na fara da rubutun buhu, kamar yadda Baba ya ce. Da ya ƙare ban san lokacin da na shiga wata maganar ba. Na gaya mata Yaya ba za ta zo Kirsimeti ba. Na gaya mata takalman ruwan Yaya suna nan a baranda, ni ke kakkaɓe su don gizo-gizo. Na gaya mata a gadon Yaya nake kwana yanzu, kuma ƙamshinta ya kusa ƙarewa a matashin.

Ina cikin goge hanci na ji ƙarar tauna a gefena. Ban juya ba. Na ci gaba da magana har ta gama.

Rabin tuffa, da ciyawa kaɗan.

Lahadi, 8 ga Disamba

Baba ya leƙa kwanon abincin, ya dube ni. "Ashe akwai baki a fuskar nan," in ji shi. Bai je wajen kabad ba.

Alhamis, 12 ga Disamba

Mun sake ta a ƙaramin fili tare da tsofaffin bareyi biyu marasa fitina. Tana ɗingishi, amma tana kiwo. Da na yi kira daga nesa ta ɗago kai. Wannan karon ba ta leƙa bayana ba.

Yaya ta aiko saƙo: "Ya 'yata take?" Kullum hoton babban yatsa nake mayar mata, alamar lafiya lau. Yau na danna wurin murya. Na faɗi komai, karnukan, ɗinkin, sanɗar da na yi, ɓoyewar da na yi mata. A ƙarshe na faɗi wani abu da ban shirya ba, ba zan rubuta shi nan ba.

Minti shida, na tura mata. Don Manuka na yi, ba wani abu ba.

Na kai hannu zan goge, sai wayar ta fara ƙara, sunan Yaya a kai. Na ɗauka.