Tabon da Ke Tafin Ƙafarka, Baba

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa irin ta ɗa da uba, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahamarsa. Na san wannan takarda ba za ta iso ka ba. Ko da kana raye ma ba ka karanta boko, ni ne zan zauna gefen tabarmarka in karanta maka, kana gyara mani magana. Duk da haka na ɗauki alƙalami, don akwai labarin da ban ga wanda ya fi cancanta ya ji shi ba sai kai.

Gida lafiya lau. Inna tana nan Kurfi, ta ƙi dawowa wurina Dutsin-Ma, wai ba za ta bar ɗakinta da awakinta ba. Damina ta yi kyau bana. Gero ya yi, dawa ta yi, gyaɗa ce kawai ta ɗan ba mu kunya. Gonarka ta bakin rafi ƙanenka Baffa Sule ke noma ta, kuma labarin da zan ba ka nasa ne. Amma bari in fara daga inda abin ya faro.

Ka haife ni zabiya. Fari fat, gashi ja, ido ba ya jure haske. Inna ta ba ni labarin yadda mata suka cika ɗaki ran da aka haife ni, kowa na leƙe yana komawa da baya, kai kuwa ka karɓe ni ka yi mani huɗuba da Haruna, ka ce a ba ka wuri. Yara sun kira ni Bature, manya sun kira ni Jatau. Kai ban taɓa jin ka kira ni da wani suna ba sai Haruna.

Ka tuna bawan Allahn nan na Kutawa, zabiya irina, mai kiwon shanu? Ina ƙarami muka gan shi a kasuwar Kurfi, ya rufe rabin fuskarsa da rawani. Rawanin ya zame, muka ga gyambon da ya cinye mashi kunne ya gangaro wuya. Ka riƙe hannuna gam har muka iso gida. Daga ranar ka saya mani malafa mai faɗi, ka sa aka ɗinka mani taguwa mai dogon hannu, ka kafa mani doka. Gona da sassafe, da hantsi ya ɗaga in koma inuwa, sai la'asar sakaliya in sake fitowa. Duk Juma'a in ka gama yi mani aski, sai ka juya ni ka duba ƙeyata da bayan kunnuwana da leɓena, kamar mai duba dokin da zai saya. Maƙwabta suka ce kana sangarta ni, ɗan manomi ba ya tsoron rana. Ka ci gaba da abinka. Da na tasa sai ka kawo ni nan Dutsin-Ma wurin tela, ka ce ga sana'ar da ake yi a ƙarƙashin rumfa.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Na tsani malafar nan, Baba. Na daɗe ina zaton ɓoye ni kake yi, kunyata kake ji, shi ya sa ka rufe ni tun daga kai har ƙafa ka kuma nesanta ni da gonarka. Sai da na girma na gane idonka bai taɓa sauka daga kan mutumin Kutawa ba. Ka rantse a ranka ɗanka ba zai zama haka ba, kuma bai zama ba.

Kai fa? Kai baƙi ne wuluk, har kana alfahari da shi. Kakan tuɓe riga ka yi huɗa da tsakar rana, ka ce ku da rana kun saba, ba abin da za ta yi maka. Duk gidanmu fatata muke kallo. Wa ya taɓa tunanin a duba taka?

Shekarar da aka samu 'yancin kai ne ka fara ɗingishi. Ka ce ƙaya ce ta karye maka a tafin ƙafa. Inna ta ce ita ta daɗe tana ganin wani baƙin tabo a wurin, kamar tawadar Allah, ba ya ciwo ba ya ƙaiƙayi, sai dai yana faɗi a hankali. Wanzami ya tsaga bai ga ƙaya ba. Aka yi sakiya, aka ɗaura ganye, aka sha jiƙo. Wurin ya buɗe ya ƙi rufewa, gefensa baƙi, tsakiyarsa na zubar da jini. Ka ci gaba da noma da tsumma a ƙafa har damina ta wuce, wata daminar ta zo. Sai da kaluluwa ta fito maka a matsematsi, mai tauri kamar dutse, sannan ka yarda aka ɗoro ka a jaki zuwa nan. Malamin asibiti na kwance tsumman ya dube ni ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, mu wuce Katsina kada mu tsaya.

Ka tuna shigarmu asibitin Katsina? Ma'aikacin da ke bakin ƙofa ya dube mu mu biyu, sai ya nuna mani benci ya ce in zauna a kira ni. Ya ɗauka ni ne marar lafiya, kai ɗan rakiya. Ka yi dariya har da tari.

Likitan Bature ne, jajir, fuskarsa duk ɗigo-ɗigo, yana magana tafinta na juya mana. Ya daɗe yana duba ƙafar, ya taɓa kaluluwar, ya taɓa cikinka. Sannan ya ce sankara ce, sankarar fata, kuma ta riga ta bar ƙafa ta shiga jiki. Ya ce da an zo da ita tun tana ɗan tabo, da yanke ta kawai za a yi a ɗinke. Kai ka tambaya, cikin natsuwa, yaya aka yi ta tsallake ɗanka ta kama ka, alhali kai ne mai baƙar fata.

Amsar da ya ba ka na riƙe ta kamar karatun allo. Ya ce farar fata irin tasa da irin tawa rana ce ke ƙona ta har ta haifar da cutar, a fuska da kunne da wuya da bayan hannu, kuma zabiya ya fi kowa shiga haɗari. Har ya karkata kai ya nuna mana tabon ɗinki kusa da kunnensa, inda aka yanke mashi tasa. Ya ce baƙar fata kariya ce babba, shi ya sa cutar ba ta yawaita a cikinmu. Amma ba ta hana ta gaba ɗaya. In ta zo wa baƙin mutum, ta fi fitowa inda ba a dubawa, tafin ƙafa, tafin hannu, ƙarƙashin farce, ko bakin tsohon gyambo da tabon ƙuna. Irin wannan ba ruwanta da rana. Kuma da yake ba wanda ke tsammaninta, ba a kawo ta asibiti sai ta yi nisa.

Na zaci za ka tambayi kwana nawa suka rage maka. Na zaci za ka roƙi magani. Sai ka jawo ni gabansa, ka cire mani malafa da hannunka, ka ce wa tafinta tunda an zo an zo, a duba maka yaronka. Likitan ya bi ni da ido da yatsa kamar yadda kake yi ran Juma'a. A saman kunnena na hagu ya sami wani ɗan wuri mai kaushi, kamar ɓawo, wanda nake ɓantarewa yana dawowa. Ya ce wannan farkonta ne. Kafin mu bar Katsina aka yanke shi aka ɗinke. Ya kuma ce a gaya maka, wanda duk ya sa wa yaron nan hula da dogon hannu tun yana ƙarami, shi ya tsirar da shi. Na ga yadda ka gyara zama a kan benci. Duk hanyarmu ta dawowa a bayan motar gyaɗa, kana jin jiki, amma fuskarka kamar wanda aka yi wa albishir.

Bayan kaka ka rasu, a ɗakinka, Inna na gefe. Ban taɓa ce maka na gode ba. Mu ba mu saba faɗin irin wannan ga iyaye ba, kai ma da na faɗa da cewa za ka yi in tashi in ba ka wuri. To yau na faɗa. Na gode, Baba.

Ban zauna ina zargin kaina ba, ban kuma zarge ka ba. Ba mu sani ba ne, kuma kwana ya ƙare. Amma yanzu na sani, kuma abin da na sani ba zan rufe bakina a kansa ba. Tela yana ganin jikin mutane fiye da kowa. Ina auna wuya, ina auna hannu, mutum ya tuɓe takalmi ya hau tabarmata. A bakin masallaci wurin alwala ma idona na kan ƙafafu. Har an sa mani suna a kasuwa, wai Haruna mai duba ƙafa. Su yi ta dariya. Mafi yawan abin da nake gani faso ne da kirci, ba komai ba, kuma ba na tsorata kowa a banza. Abin da nake cewa ɗaya ne: tabon da ke girma, ko yake sauya launi, ko ciwon da ya ƙi warkewa, a kai shi ga masu sani tun yana ƙarami.

To ga labarin Baffa Sule. Bara da damina na je Kurfi gaida Inna, na same shi a zaure ya miƙe ƙafafu yana gyaran ƙotar fartanya. A gefen diddigensa na dama na hango shi. Baƙi, bai kai faɗin ƙwayar wake biyu ba, gefensa ba daidai ba, kamar tawada ta zuba ta bazu. Na matso na duba da kyau. Na tambaye shi tun yaushe, ya ce bai sani ba, wa ke kallon diddigensa? Matarsa ta ce da ƙarami ne, bana ya ƙaru.

Ka san halin ƙanenka. Ya ce ba inda za shi, ana tsakiyar maimai, kuma abin da ba ya ciwo ba cuta ba ne. Dangi suka goya mashi baya. Wani ya ce asibiti yanke ƙafa suke yi. Wani ya ce ai kai ma an kai ka, me ya hana ka mutuwa? Wannan ta yi mani zafi, amma ban ɗaga murya ba, don Baffa uba ne. Na durƙusa na ce mashi an kai ka ne bayan ta gama aikinta, ni kuwa an kai ni tun tana farawa, ga kunnena ya duba. Ya kau da kai.

Inna ce ta gama maganar. Ita da ba ta sa baki a zancen maza, ta fito har ƙofar zaure da lulluɓinta. Ta ce ita ce ta ga naka tun yana kamar wannan, ta yi shekara tana kallonsa ba ta san abin da take kallo ba. Ta ce ta wanke tsumman ƙafar mutum ɗaya a gidan nan har hannunta ya saɓule, ba za ta zauna ta ga ana wanke na biyu ba. Baffa ya ce to, amma sai an gama maimai. Na rufe rumfata, na tsaya mashi a gona safe da yamma tare da 'ya'yansa har aka gama maimai, sannan muka kama hanyar Katsina.

Wani likita muka samu, ba na da ba, baƙar fata ne ɗan'uwanmu, da Hausa ya yi mana bayani. Ya ce irin taka ce, amma ga alama ba ta yi zurfi ba. Suka yanke ta da faɗi, suka ɗebo fata daga cinyarsa suka rufe wurin. Ƙafarsa tana nan, Baba, ba a yanke ba. Mun koma an duba matsematsinsa, ba kaluluwa. Sun ce mu riƙa komowa, kuma za mu riƙa komawa ko yana so ko ba ya so. Yana ɗan ɗingishi, yana kuma yi mani tsiya wai na sa an yi mashi faci kamar tsohon wando. Bana shi ya nome gonarka kaf.

Tun daga nan mutane suka rage dariya. Kwanan baya wani mutumin Dabawa ya zo rumfata da ɗiyarsa a kafaɗa, zabiya, ba ta fi shekara uku ba, kumatunta duk sun ƙone. Ya ce an gaya mashi ni na san yadda ake yi. Na zaunar da shi na faɗa mashi duk abin da ka yi mani, ban rage komai ba, na ɗinka mata riga mai dogon hannu. Da zai tafi na ce shi ma ya tuɓe takalminsa. Ya yi mamaki, amma ya tuɓe. Lafiya lau yake.

Saura labari ɗaya, na ajiye maka shi ƙarshe. Matata Hajara ta sauka watan jiya, namiji. Baƙi ne sak kai, har faɗin goshin. Sunanka na sa mashi. Inna ba ta iya kiran sunan, sai ta ce Mai Sunan Malam, ta rungume shi tana dariya tana share ido. Ran suna gidan ya cika, an zo daga Kurfi har da waɗanda suka ce kada a je asibiti. Da aka kawo rago, liman ya nemi wanda zai kayar da shi, samari suka taso. Baffa Sule ya ce kowa ya matsa. Shi ya kama ragon jikanka ya kayar, ya danne shi da ƙafar nan ta dama.

Ka huta lafiya, Baba. Allah ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka, ya haɗa mu a inda ba ciwo.

Ni ne ɗanka,
Haruna tela, Dutsin-Ma.