Cukun da Inna ta aiko

Yamai, ranar Laraba

Yaya Zalika,

Ina gaishe ki. Yaya Inna da ciwon ƙafarta? Yaya yara?

Kada hankalinki ya tashi, kwanana tara a asibiti. Zazzaɓi ya kayar da ni ina kan keken ɗinki a kasuwar Katako. Yanzu da sauƙi.

Tun da aka dasa mini ƙodarki, likita ke faɗa mini cewa maganin da ke hana jikina ƙin ta yana rage mini ƙarfi. Ƙwayar cutar da ba ta yi wa mai lafiya komai, ni tana iya kashe ni. Ya hana ni ɗanyen nono da duk abin da aka yi da shi.

Sai ga cukun Inna, wanda ta yi da ɗanyen nono ta aiko mini. Na sani sarai, Yaya. Na ji ƙamshin ɗakinta, na cinye uku da shayi. Cutar ta shiga jini, ƙodar ma ta taɓu. Gobe za a sake awo.

Ke aka yanka saboda ni. Ki yafe mini.

Kada Inna ta ji dalili. In ta tambaya, ki ce cukun ya yi daɗi, don ya yi.

Ƙaninki,
Zubairu