Digiri Bakwai da Na Ɓoye

Da sunan Allah. Ni mahaifinku nake rubuta wannan da hannuna, cikin hankalina, babu wanda ya tsaya a kaina. Huhuna ne ya gaji, ba ƙwaƙwalwata ba. Likita ya ce saura watanni, amma wanda ya yi shekara arba'in yana karanta ma'auni ba ya kasa karanta fuska. Makonni ne.

Na ɗaya. Gida da abin da ke cikinsa a raba yadda shari'a ta tsara. Tsohon madubin ƙara girma da ke kan teburina na ba Auta tun ina raye, don ita kaɗai ta taɓa leƙa shi ba da tilas ba. Ku sauran biyun, har gobe in an tambaye ku aikin ubanku sai ku ce wani abu ne na talabijin. To ku ji sau ɗaya. Ruwan kiristal na yi wa bauta: yana gudana kamar mai, amma ƙwayoyinsa a jere suke kamar sahu. Shi ne a fuskar wayoyinku. In zafi ya kai wani mataki sai jerin ya watse, fuskar ta daina nuna komai. Auna wannan mataki shi ne sana'ata.

Na biyu. Babba, na san kai da tsofaffin ɗalibaina kuna ta kai da kawo don a sa sunana a sabon ɗakin gwaji na jami'a. Ku janye. Dalili na tafe, kuma ba zai yi maka daɗi ba.

Na uku. A kabad ɗin ƙarfe na ofishina akwai littattafan aiki talatin da biyu. Ku ciro na sha huɗu, mai baƙin bango.

Muna da ƙa'ida a ɗakin gwaji. Kowace safiya, kafin a ɗora komai a kan farantin zafi, sai an gwada ma'aunin da wani gari wanda kowa ya san zafin da yake narkewa. Na kori ɗalibai saboda tsallake wannan. Amma a makon da na auna haɗin da ya yi mini suna, ni da kaina na tsallake, ina gaggawar zuwa taro. Na rubuta cewa haɗin yana riƙe jerinsa har digiri saba'in da ɗaya. Mujalla ta buga, aka yi ta gayyata ta, kujerar farfesa ta biyo baya.

Bayan shekara uku aka ba ni wata ɗaliba da muke kira Uwar Gardama, don ba ta yarda da komai sai ta gani. Ta maimaita awon ta sami sittin da huɗu. Ta sake, ta kuma sake, sannan ta kawo mini sakamakon a takarda. A gaban 'yan'uwanta na ce ba ta iya wanke gilashi ba, wannan aiki ba na irin hannunta ba ne. Na ƙi sa hannu a kundinta. Ta bar jami'a hannu rabbana. Laifi tudu ne.

Wata guda da tafiyarta na ciro tsohon farantin na gwada shi ni kaɗai. Yana ƙara digiri bakwai cif. Na rubuta haka a shafin ƙarshe na littafin nan na sha huɗu, na rufe shi, na murza makulli. Shekara ashirin da biyu ke nan. Wasu a wurare daban sun sami lambarta, amma suka zargi kayan aikinsu, don wa zai ja da ni? Ɗaliban ɗalibaina suna koyar da lambar ƙarya har yau. Ba mantuwa na yi ba, tsoro ne, kuma ina jin kunyar kaina.

Na huɗu. A cikin littafin akwai ambulan, wasiƙa ce zuwa ga mujallar, na janye maƙalar kuma na faɗi sunan wadda ta yi daidai. Auta, ke za ki aika, kada ta kwana bakwai bayan an rufe ni. Littafin kuwa na ɗalibar ne. Tana koyarwa a sakandaren da ke bayan tashar mota. Sau biyu na je har bakin makarantar, na ce wa direba ya wuce. Kada ku roƙa mini gafararta, kada ku yi mata kuka da mutuwata don zuciyarta ta yi sanyi. Ku miƙa mata, ku nuna mata shafin.

Na biyar. Babba, kai da ƙanwarka Malama, gabar da kuke yi tun rasuwar mahaifiyarku ta isa haka. Ban ma san wanda ya fara ba, kuma na tabbata ku ma kun manta. Abin da ke zuwa ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Waɗanda suke rusuna muku saboda ni za su kau da kai, za a nuna 'ya'yanku da baki. Na san ɗayanku zai ce a ƙone littafin, wa ya sani? Wanda ya yi haka ban yafe ba.

Na yafe muku komai ban da wannan, ku ma ku yafe mini kunyar da na bar muku. Allah ya yi muku albarka, ya shirya zuri'arku, ya haɗa kanku, ya ba ku zuciyar da ban samu ba. Ranar kai wa ɗalibar littafin ku tafi ku uku a mota ɗaya. In ta bar ku tsaye a bakin ƙofa, ku tsaya.