Ƙofar da Mama ta hana a rufe

Zuwa ga Yaya Bitrus, a Garwa ko duk inda kake yanzu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ni ne ƙanenka Luka, daga Mubi. Wannan karon ban liƙe wasiƙar ba. Na ba direbobin Garwa, na ce kowa ya karanta a tasha da ƙarfi, tunda waɗanda nake rufewa ba ka amsa su. In kunya ta kama ka, to dama abin da nake so ke nan.

Maganar motar Baba ce, wadda ya saya hannun Baturen mishan da zai koma gida, wadda ya rasu ya bar mana. Ka tuna yadda ruwan damina ya riƙa bin gilashi yana shiga, har allunan cikin ƙofofin suka kumbura suka lanƙwashe? Da aka yi ƙuri'ar raba gardama kan ko mu bi Najeriya ko Kamaru, ɓangarenka ya faɗi, sai ka yi fushi da garin gaba ɗaya, ka ce kai Kamaru za ka. Wannan ra'ayinka ne, ban hana ka ba. Amma me ya kai ka kwance allunan nan duka huɗu ka ɗaure a kai? Ka ce a Garwa akwai gwanaye, za su sa musu fata mai kyau, kafin kaka ka dawo da su. An yi kaka, an sake yi, har na daina lissafi.

Kai da ka fi ni sanin mota, ka san ba a rabuwa da tsohon allo ko ya ruɓe, domin a kansa ake zana sabo. Shi ke nuna inda ramin kowace ƙusa yake, da inda hannun juya gilashi zai fito. Ka kwashe duka, ko ɗaya ba ka bar min in gwada ba. Wallahi wannan ba mantuwa ba ce, rashin tunanin na baya ne.

Da motar nan nake ciyar da gida, ina jigilar mutane zuwa Mayo Bani da Kwaja ranar kasuwa. Ƙofofi tsirara, ƙarfe ko'ina. Wata mata daga Bahuli zanenta sabo ya maƙale ya yage tun daga gwiwa, ta zage ni har da kakannina. Mata suka daina shiga. A tasha aka sa wa motar ubanmu suna Ƙwarangwal. Kana can kana cin burodin Faransa, ni nake shan wannan.

Da na gaji da jiranka, sai na shafa baƙin tukunya da man inji a bakin kowane rami na jikin ƙofa, na manna takardar buhun siminti, ramukan suka fito a jiki. Na roƙi akwatunan shayi a kanti, na zana a kan katakon, na yanka da ƙaramin zarto. Na farko ya tsage, na biyu na huda shi a karkace, daga nan hannuna ya saba, sauran suka fito daidai. Na shafe bayansu da ragowar fenti saboda ruwa, na shimfiɗa auduga a gaba. Abin rufi kawai ya rage, fata kuwa ta fi ƙarfina.

Ka san me Mama ta ɗauko? Gwadon nan da ta kaɗa zarensa da hannunta, ta kai wa masaƙi, ta ajiye a ƙasan akwati domin ranar aurenka. Ta miƙo min ba ta kalle ni ba, ta ce asu ya fara ci. Na duba gaba da baya, Yaya, babu inda asu ya taɓa. Haka na sa almakashi a kayan aurenka, kuma kada ka ɗauka na ji tausayinka. Ita na ji wa.

Ƙofa uku sun rufu, sun yi kyau, mata sun dawo. Da na zo ta gaba, gefen da Mama ke zama, sai ta dafa ƙarfen ta ce, “Ka bar wannan, na Bitrus ne. Zai kawo.” Na yi lallashi, na yi faɗa, na kira fasto ya yi mata magana. Ta ce ranar da aka rufe ƙofar nan, ranar ta yarda ba za ka dawo ba.

Mama ba ta da lafiya yanzu. Ƙafafunta sun kumbura, kullum muna hanyar asibiti. Ta rame, ba ta iya riƙe kanta a gargada, sai ta jingina da ƙarfen nan. Duk damtsenta ya yi shati, wani wurin har jini. Na naɗa tsumma, ta warware, wai kar ka zo ka ga an yi maka shisshigi. In mun wuce tasha kuwa sai ta ce in rage gudu, tana leƙen masu sauka daga motar Garwa.

Ni ba na bukatarka, ka ji da kyau. Amma ban manta wanda ya ɗora ni a cinyarsa ya koya min riƙe sitiyari ba, shi ya sa abin ke ci min rai haka. Ba sai ka zo da fata ba. Ko allon ya ruɓe, ko ka hura wuta da shi tuni, ka tsinci kwali a hanya ka riƙo. Idonta ba ya gani sosai, ba za ta bambance ba. Hannun da ya kawo take son taɓawa.

Allo na huɗu na riga na yanka, na rufe shi da ragowar gwadon, yana ƙarƙashin gadona. Ba zan ɗaura ba muddin tana numfashi. Saboda haka ka riƙa tambayar direbobi. Ranar da suka ce maka sun ga motar Baba ƙofa huɗu a rufe, ka yi zamanka, kada ka wahalar da kanka da hanya.

Ubangiji ya ba Mama sauƙi, ya karya taurin kanka, ya kawo ka kafin in ɗauko allon nan.

Ƙanenka, wanda har yanzu yake fushi da kai,
Luka